Zanen Aro Ba Ya Rufe Katara

Ran 26 ga watan Satumba na 2025, a filin jiragen soja na Chandigarh, mayaƙan sama na Indiya suka yi ban kwana da jirgin yaƙin nan da a ke kira MiG-21, bayan ya yi musu bauta shekara 62. An yi fareti, an yi jawabai, manyan hafsoshi sun yabi jirgin da matuƙansa. Tun 1963 ya shiga ƙasar daga Tarayyar Sobiyet, Indiya kuwa ta mallaki fiye da 800 na irinsa, mafi yawa an haɗa su a masana'antarta da izinin masu shi. Ƙasar da ta ƙago shi ta rushe tun 1991, amma jirgin ya ci gaba da tashi shekara 34 bayanta, yana tsufa, yana faɗowa, yana cin rayukan samarin matuƙa. Dalilin wannan jinkiri sananne ne: magajin da aka yi masa tanadi, watau jirgin gida mai suna Tejas, bai samu da yawa a kan kari ba, injinsa kuma daga Amurka a ke jiransa.

Wannan ɗan labari ya ƙunshi al'amarin makamai na Kudancin Asiya gaba ɗaya. Tun da aka raba ƙasar Hindu gida biyu cikin watan Agusta na 1947, Indiya da Pakistan ba su huta da sayen jiragen sama da na ruwa ba, kowace tana leƙen rumbun 'yar'uwarta. Wanda ya bi tarihin cinikin nan daki-daki zai ga abu guda yana ta komowa. Takobi mutum kan saya ya rataya, ya wasa abinsa ran da ya ga dama. Jirgin yaƙi kuwa kowace safiya yana neman inji da kayan gyara da harsasai da gwanin da ya san cikinsa, waɗannan duka suna hannun wanda ya sayar. Mai saye ya biya kuɗin doki ya hau, linzami yana can wajen dillali. Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara, ƙasashen nan biyu kuwa kowace ta ga gaskiyar wannan magana a ranar da ta fi bukatar sutura.

Pakistan ta fara gani. Cikin watan Mayu na 1954 ta ɗaura yarjejeniyar taimakon soja da Amurka, a shekarar nan ta shiga ƙawancen SEATO, a 1955 kuma ta shiga na Bagadaza. Nan da nan makamai suka yi ta kwararowa: jiragen Sabre, da masu jefa bom na B-57, da tankokin Patton, daga baya har da F-104 wanda ya fi sauti gudu. Abin da Amurka ke nufi shi ne a yi wa Tarayyar Sobiyet shinge, alhali idon Pakistan yana kan Kashmir. Shugaba Eisenhower ma ya aika wa Nehru, Firayim Ministan Indiya, da tabbacin ba za a yarda a juya makaman kan Indiya ba. Ladan wannan alheri kuwa, Pakistan ta bar Amurka ta yi amfani da Peshawar wajen leƙen asiri. Daga can jirgin U-2 ya tashi ran 1 ga Mayu 1960, Rashawa suka harbo shi, Khrushchev ya yi wa Peshawar kashedi mai zafi a kan rigimar da ba tata ba ce.

Ranar gwaji ta zo cikin Satumba na 1965, sa'ad da yaƙi ya ɓarke tsakanin maƙwabtan biyu. Ana cikin ɗauki-ba-daɗi sai Amurka ta sa takunkumin makamai a kan su duka, Ingila ta bi bayanta. A takarda hukuncin ɗaya ne ga kowa, amma a fagen fama ba ɗaya ba ne, domin Indiya tana da dillalai da dama, Pakistan kuwa kusan dukan jiragenta na Amurka ne. Kayan gyara suka fara ƙarewa, harsasai suka ja baya, aka tsai da wuta ran 23 ga wata. Sulhun ma a ƙasar Sobiyet aka yi shi, a birnin Tashkent, cikin Janairu na 1966, inda Kosygin ya zaunar da Ayub Khan da Lal Bahadur Shastri. Daga nan Pakistan ta juya wajen ƙasar Sin ta karɓi jiragen F-6, ta sayi Mirage daga Faransa. Ta sake uban ɗaki, halin dai yana nan yadda ya ke.

Indiya ta ce ita 'yar ba-ruwanmu ce, ba ta shiga ƙawancen kowa, amma wannan bai raba ta da kasuwa ba. Jiragenta na Hunter da Canberra da Gnat daga Ingila suka fito, Mystère daga Faransa. Jirgin ruwanta na farko mai ɗaukar jiragen sama, Vikrant, Ingila ta fara gina shi domin kanta zamanin yaƙin duniya na biyu, Indiya ta saye shi a 1957, ya kama aiki a 1961. Cikin Agusta na 1962 ta ƙulla cinikin MiG-21 da Mosko, domin Rashawa sun yarda a biya su da kuɗin rufi na Indiya, sun kuma yarda a haɗa jirgin a can. Bayan wata biyu sojan Sin suka auka mata a kan duwatsun Himalaya, suka yi mata kaca-kaca, jiragen da ta saya ba su iso ba sai a 1963, bayan ƙura ta lafa. Da ta nemi F-104 wajen Amurka ba ta samu ba, saboda Amurka ba ta son ɓata wa Pakistan.

Yaƙin Disamba na 1971, wanda ya haifi Bangladesh, shi ne ya kai faɗan cikin teku, kuma wanda ya duba kayan da aka yi shi da su sai ya ce baje kolin ƙasashen waje ne. Ƙananan jiragen ruwa masu makamai masu linzami da suka ƙone tashar Karachi daren 4 ga wata na Rasha ne. Jirgin ƙarƙashin teku na Pakistan mai suna Hangor, wanda ya nutsar da Khukri ran 9 ga wata da mutum 194, ƙirar Faransa ne, shi Khukri kuma ƙirar Ingila. Ghazi, wanda ya nutse a bakin Visakhapatnam da dukan mutanensa, aro ne daga Amurka tun 1964. Da abin ya yi tsanani Shugaba Nixon ya tura ƙasaitaccen jirgin nan Enterprise zuwa Tekun Bengal. Indiya ta ɗauki wannan barazana, ta daɗe ba ta mance ba. Pakistan ta ɗauka gudummawa ce, amma jirgin bai harba ko harsashi ɗaya ba, ran 16 ga wata sojanta suka miƙa wuya a Dhaka, aka kama mutum wajen 90,000.

Labarin F-16 shi ya fi duka bayyana inda linzami ya ke. Da sojan Sobiyet suka shiga Afganistan a ƙarshen 1979, Amurka ta sake bukatar Pakistan, ta sayar mata da F-16 guda 40, na fari suka iso a 1983. A 1985 majalisar Amurka ta yi dokar da a ke kira ta Pressler, wadda ta wajabta wa shugaban ƙasa ya shaida kowace shekara cewa Pakistan ba ta da makamin nukiliya kafin a ba ta taimako. Muddin ana yaƙin Afganistan ana ta ba da shaidar. Rashawa suka fita cikin Fabrairu na 1989, cikin Oktoba na 1990 Shugaba Bush ya ƙi sa hannu. Jirage 28 da aka riga aka ƙera wa Pakistan, ta kuwa zuba dala miliyan 658 cikin cinikin, aka kai su hamadar Arizona aka jera, har aka riƙa bin ta kuɗin ajiya. Sai a ƙarshen 1998 aka shirya mayar mata da abin da ya saura, wani da tsabar kuɗi, wani da kayan abinci kamar alkama. Ko 'yan kasuwar ƙauye sun san sunan irin wannan ciniki.

Indiya ma ba ta tsira ba. Rushewar Tarayyar Sobiyet a 1991 ta bar ta da ɗaruruwan jirage, masana'antun kayan gyaransu sun warwatsu cikin sababbin ƙasashe, kowace tana neman dala. Da ta gwada makaman nukiliya cikin Mayu na 1998, Pakistan ta rama a watan nan, takunkumin Amurka ya taɓa aikin Tejas, ya kuma tsare kayan gyaran jiragenta masu saukar ungulu na Sea King a Ingila, domin akwai hannun Amurka cikin ƙirarsu. Sa'an nan ga batun Admiral Gorshkov, tsohon jirgin ruwan Rasha mai ɗaukar jiragen sama. A 2004 aka ce an ba Indiya shi kyauta, ta biya kuɗin gyara kawai, dala miliyan 974, a miƙa shi a 2008. Da aiki ya yi nisa, Indiya ba ta da halin ja da baya, kuɗin ya haura dala biliyan 2.3, jirgin bai zo hannu ba sai Nuwamba 2013, aka raɗa masa suna Vikramaditya. Araha ba ta ado. A 2018 kuma ta sayi makaman kakkaɓo jirage na S-400 daga Rasha, Amurka ta yi ta gunaguni, yaƙin Yukiren da ya tashi a 2022 ya jinkirta cikon kayan.

Mai hankali zai ce, to, ai magani shi ne kowa ya ƙera nasa. Gaskiya ne, ƙasashen biyu kuwa sun yi ƙoƙari wanda ya isa yabo. Indiya ta tashi jirginta na Marut tun 1961, da taimakon wani gwanin Jamus mai suna Kurt Tank, amma har ya yi ritaya bai sami injin da ya dace da shi ba. An fara shirin Tejas a 1983, ya fara tashi a 2001, ya shiga runduna a 2016, da injin kamfanin General Electric. Sabon Vikrant da aka gina a Kochi, aka ƙaddamar ran 2 ga Satumba 2022, abin alfahari ne, amma injinansa ƙirar Amurka ne, jiragen da ya fara ɗauka na Rasha ne, waɗanda aka yi cinikinsu dominsa a 2025 kuma Rafale ne na Faransa, guda 26. Pakistan tana haɗa JF-17 a Kamra tare da ƙasar Sin, har ta sayar wa Nijeriya guda uku da suka kama aiki a 2021, amma injinsa daga Rasha ya ke. Wanda ya sayi irin wannan jirgi ya sani igiya uku ya ɗaura wa kansa. Ƙirar inji ita ce ƙashin bayan sana'ar, ƙasashen da suka ƙware a kanta ba su cika yatsun hannu ba, ba sa kuwa koya wa baƙo sirrinta da sauƙi.

Atisayen sojan ruwa shi ma ma'auni ne na wannan hali. Indiya da Amurka sun fara atisayen Malabar a 1992, aka dakatar da shi bayan gwajin 1998, aka komo da shi a 2002 da bukatar Amurka ta sake juyawa. A 2007 aka yi shi a Tekun Bengal da ƙasa biyar, har da Japan da Ostareliya da Singafo. Ƙasar Sin ta nuna fushinta, Ostareliya ta janye jiki, ba ta komo ba sai 2020. Pakistan tana kiran atisayen Aman a Karachi tun 2007, ƙasashe da yawa suna zuwa, ta kuma fara wani na musamman da Sin a 2020. Ba a musun amfanin waɗannan tarurruka. Suna koya wa matuƙa aiki tare, suna taimakawa wajen korar 'yan fashin teku, kuma da igiyar ruwan nan ta tsunami ta yi ɓarna cikin Disamba na 2004, jiragen Indiya da Amurka da Japan da Ostareliya sun haɗu sun kai agaji. Amma atisaye ziyara ce, baƙo kuwa raɓa ne. Babu ko ɗaya daga cikin abokan rawar nan da ya ɗauki alkawarin shiga wuta domin Kashmir.

An ga haka sau biyu cikin 'yan shekarun nan. Cikin Fabrairu na 2019, bayan kisan 'yan sandan Indiya 40 a Pulwama, jiragenta na Mirage suka kai hari Balakot. Kashegari Pakistan ta harbo MiG-21, ta kama matuƙinsa Abhinandan Varthaman, ta mayar da shi ran 1 ga Maris. Cikin Afrilu na 2025 aka kashe mutum 26 a Pahalgam, daga 7 zuwa 10 ga Mayu aka yi ta musayar wuta da jirage da makamai masu linzami da jirage marasa matuƙa. Pakistan ta ce jiragenta na J-10C ƙirar Sin sun harbo na Indiya, har da Rafale. Babban hafsan tsaron Indiya, Janar Anil Chauhan, ya yarda an yi hasara ba tare da ya faɗi adadi ba, Indiya kuma ta nuna hotunan ɓarnar da ta yi wa filayen jiragen Pakistan. Kowace ta ce ita ta ci. A makon nan hannun jarin kamfanin da ke ƙera J-10C ya tashi a kasuwar Sin, masu ƙera makamai ko'ina suka zauna suna nazarin yadda hajarsu ta yi. Su sun sami gwaji kyauta, jana'iza kuwa aka yi ta a ƙauyukan Kashmir da Punjab.

Lissafin kuɗin ma abin dubawa ne. Cibiyar nazarin zaman lafiya ta Stockholm ta ƙiyasta abin da Indiya ta kashe wa soja a 2024 ya kai dala biliyan 86, na Pakistan wajen biliyan 10. Tsakanin 2020 da 2024 Indiya ce ta biyu a duniya wajen shigo da makamai, kashi 36 cikin ɗari daga Rasha, Pakistan kuwa kashi 81 cikin ɗari na nata daga Sin suka fito. Wannan ya fi kama da halin da ta shiga da Amurka kafin 1965, sai dai sunan uban ɗaki ya sake. Cikin Yuni na 2025 ta ƙara kasafin soja da kashi 20 cikin ɗari, alhali ta rage jimlar kasafin ƙasa, tana kuma cikin shirin bashin dala biliyan 7 na Asusun Lamuni na Duniya. Ita ce ƙasar da ambaliyar 2022 ta taɓa mutum miliyan 33 a cikinta. Indiya ta fi ƙarfin aljihu, amma idonta biyu ne, ɗaya kan Pakistan ɗaya kan Sin. Duk abin da ta saya domin Sin, Pakistan ta ɗauka dominta ne, ta ruga kasuwa, haka abin ke ta zagawa.

Ba wanda zai ce wa ƙasa ta zauna hannu sake alhali maƙwabcinta yana wasa wuƙa. Tsaron iyaka wajibi ne a kan kowace hukuma, sayen makami kuma ba abin kunya ba ne. Abin da ya kamata shugabanni su faɗa wa jama'arsu shi ne iyakar abin da makamin saye ke iya yi. Shekara 78 ana saye, an yi yaƙi a 1947 da 1965 da 1971 da 1999, layin da ya raba Kashmir yana nan kusan inda aka bar shi ran 1 ga Janairu 1949. Tun 1998 kuma kowace tana da makamin ƙare-dangi, watau ko wadda ta fi jirage ba ta da ikon kai faɗan ƙarshensa.

Akwai kuwa wani kaya da ƙasashen biyu suka saƙa da hannunsu, ba su biya kowa ko anini ba. Ran 31 ga Disamba 1988 Rajiv Gandhi da Benazir Bhutto suka yi yarjejeniyar kada wata ta kai hari kan wuraren nukiliyar wata. Tun 1992, kowace ran 1 ga Janairu a kan yi musayar jerin wuraren nan, ba a fasa ba ko bayan yaƙin Kargil na 1999, ko bayan harin Mumbai na 2008. A 1991 sun yarda su riƙa sanar da juna kafin babban atisaye, jiragen yaƙi kuma kada su kusanci iyaka da ƙasa da kilomita 10. A 2005 sun yarda da sanarwa kafin gwajin makamai masu linzami. Ran 10 ga Mayu 2025 ma, ko da ya ke Amurka ta ce ita ta shiga tsakani Indiya ta musa, abin da kowa ya yarda da shi shi ne hafsoshin ɓangarorin biyu sun yi magana ta wayar da ke tsakaninsu, wuta ta tsaya. Irin wannan saƙa ita ma tana yagewa in ba a kula ba, domin yarjejeniyar ruwan kogin Indus ta 1960, wadda ta tsallake yaƙe-yaƙe, Indiya ta jingine ta cikin Afrilu na 2025. Amma gyaranta yana hannun masu ita, ba sai an jira majalisar wata ƙasa ba.

Saura wuri guda da ba a rufe ba, shi ne teku. Cikin Fabrairu na 1999, a Lahore, gwamnatocin Vajpayee da Nawaz Sharif sun yi alkawarin ɗaura yarjejeniyar hana haɗurra tsakanin jiragen ruwansu da jiragen saman da ke bin su, irin wadda Amurka da Tarayyar Sobiyet suka yi a 1972 suna tsakiyar gaba. Yaƙin Kargil ya taka alkawarin. Ran 10 ga Agusta na shekarar nan MiG-21 na Indiya ya harbo jirgin sintirin sojan ruwan Pakistan a yankin Kutch, mutum 16 suka halaka. Yau jiragen sun fi yawa, sun fi gudu, Pakistan ta yi cinikin jiragen ƙarƙashin teku takwas da Sin tun 2015, Indiya tana da masu ɗaukar jiragen sama biyu, duka kuwa cikin Tekun Larabawa guda su ke kai da kawowa. Kuskuren matuƙi ɗaya da dare ya isa ya ta da abin da ba mai iya kwantarwa. Ya kamata Delhi da Islamabad su ɗauko takardar Lahore su karkaɗe ta, su zaunar da hafsoshin ruwansu, su cika alkawarin da suka yi da bakinsu. Ba ta bukatar inji daga Amurka ko kayan gyara daga Rasha, kuɗinta kuwa bai kai na tayar jirgi ɗaya ba.